Ranar da Boswajar Kawu Sale ta riga Fijo isa gida

Ina tsugune a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure da rana tsaka, motata Fijo ta tafasa ina ɗebo mata ruwa, sai na ji ƙarar motar Kawu Sale, Boswaja, a bayana. A shekarun tamanin ne, lokacin kwasar tumatir.

Kullum musunmu ɗaya. Ina cewa tawa ta fi gudu da ɗaukar kwanduna, yana cewa tasa injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta neman ruwa.

Ya tsaya, bai kashe mota ba, bai kuma fito ba.

"Habu, ta sake jin ƙishirwa?"

"Kawu, ko a haka ta fi kunkurun nan naka."

Bai yi dariyar da ya saba ba. Ya ce, "Yau dai na riga ka. Zuba ruwan ka taho gida, kai ake jira."

Ya ja ya wuce.

Da na isa Bunkure na tarar da mutane a kan tabarmi a ƙofar gidansa. Ashe tun da hantsi Kawu ya rasu, ni ake jira a yi masa sallah. Motarsa tana rumfa a ɗore kan duwatsu, an cire tayoyinta tun damina. Na dafa bayanta, na ji zafi rau.

Ban taɓa faɗa wa iyalinsa ba. Yau na ga irinta a garejin wani makaniki, sai na tuna da ranar. Allah ya jiƙan Kawu. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan?