Ta Riga Hadari Zuwa Asibiti

Tsohuwar tana zaune ƙofar asibitin Dogon Dutsi, takalmanta a hannu. Da ƙafa ta tako daga Matankari, ina jin tun asuba. Ni ke shigar da mutane wurin likita Anasara, kuma ɗazu na kore ta.

"Inna, lafiyarki lau, me ya kawo ki?"

"Ɗana, iska ta yi nauyi. Hadari na haɗuwa fukata za ta tashi."

Dariya na yi mata.

Yanzu gabas ta yi baƙi ƙirin, masu fuka shida sun riga ta shiga. Ta dafa gwiwoyinta, tana jan numfashi da ƙyar. Na zo wucewa kaina ƙasa, sai ta janye ƙafafunta ta ba ni hanya.