Hon Ɗin da Na Danna a Hanyar Gona

A cikin shekarun da na yi ina tuƙi a Doha, akwai rana guda da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ban yi hatsari ba, ban taka kowa ba. Hon kawai na danna, sau uku. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru.

A lokacin ina tuƙa wata farar a-kori-kura ta kafil ɗina, wato mai gidan da ya ɗauke ni aiki. Ni mutum ne mai son tsari. Kafin in tayar da mota sai na duba mai, na duba ruwa, na duba taya, na rubuta lokacin tashi da na isa. Abokan ɗakina a unguwar Najma har tsokanata suke yi, wai ko banɗaki zan shiga sai na kalli agogo.

Ran nan kafil ya aike ni gonarsa da ke can arewa da gari, in ɗauko wani dattijo Bahaushe mai ban ruwan dabino, in kai shi filin jirgi. Shekararsa huɗu bai je gida ba. Na same shi zaune a bakin ƙofa cikin sabuwar farar shadda, ga jaka ɗaya da kwalin dabino biyu.

"Baba, ka shirya?"

"Tun asuba, ɗana. Jikana na fari aka haifa, namiji. Gobe da safe suna, kuma sunana za a sa masa. Ka ga dole in kwana a gida."

Na ɗaure kwalayen a bayan mota, na duba agogo. Na yi lissafi muna da rarar minti arba'in. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Hanyar gonar siririyar kwalta ce, da ƙyar mota biyu ke gifta juna, hagu da dama yashi. Lokacin sanyi ne, an ɗan yi ruwa, ciyawa ta tsiro nan da can. A irin wannan lokaci wani maƙwabcin gonar yakan saki dawakinsa su yi kiwo da kansu. Gajerun dawakai ne, tsayinsu bai wuce na jaki ba, masu gashi buzu-buzu, na hawan yara. Ba makiyayi, ba igiya. Mun yi tafiyar minti goma sai ga guda huɗu a tsakiyar kwalta, ɗaya yana lasar wani abu a ƙasa, sauran suna tsaye kamar an biya su.

Na taka birki. Dattijon ya ɗora hannu a gwiwata.

"Kashe motar, ɗana. Kada ka taɓa hon. Waɗannan idan suka ji..."

"Baba, ni ke riƙe da sitiyari."

Haka na ce masa, kuma har yau ina jin kunyar muryar da na faɗe ta da ita. Tun ina tuƙa bas a gida na san dabba da hon ake korar ta, akuya ce ko saniya. Na danna sau uku.

Huɗun nan suka ɗago kai. Maimakon su watse sai suka nufo mu. Can daga bayan wani tudu na hango ƙura, sai ga wasu suna sukuwa, sun fi ashirin. Kafin in sa giya sun kewaye motar, gaba da baya, wani har ya manna hancinsa a gilashina.

Dattijon ya sauke numfashi. "Abin da nake son gaya maka ke nan. Mai kawo musu abinci da farar mota irin wannan yake zuwa. Hon uku yake yi musu."

Wannan shi ne kuskure na farko. Na biyu ya fi shi muni. Na ji ƙarar yaga daga baya, na duba madubi, sai na ga sun sa haƙori a kwalin dabino. Wata tankar ruwa ta tsaya a bayanmu, direbanta ya leƙo yana ta "Yalla! Yalla!" yana danna nasa hon ɗin, dawakin suna ƙara rikicewa. Raina ya ɓaci. Na ga ɗan fili a dama, na murɗa sitiyari na sauka daga kwalta don in zagaye su. Ban yi taku goma ba tayoyin baya suka nutse. Na ƙara wuta, suka ƙara nutsewa.

Dattijon ya buɗe ƙofa ya fita, ya kutsa cikinsu yana ture su da kafaɗa, ya kwance kwalin da suka yaga ya ɗora a ka. Ya nufi cikin yashi yana watsa dabino hagu da dama, dawakin na biye da shi a jere. Da na farko ya ƙare suka juyo, dole ya dawo ya ɗauki na biyu ya kai su nesa. Tsarabar shekara huɗu ke nan. Ni kuwa ina durƙushe ina tonon yashi da hannu, ina kallon agogo, ina tono.

Tankar ta wuce abinta. Motoci biyu suka wuce. Mai ta ukun, wani Balarabe ne, ya tsaya. Ya kalli tayoyin, ya kalle ni, ya girgiza kai. Ya rage musu iska, ya ɗaura igiya ya fizge mu zuwa kwalta, ya ce "Khalas," wato shi ke nan, ya tafi. Sai da muka sake tsayawa a gidan mai aka mayar da iskar.

Lokacin da dattijon ya dawo mota, farar shaddar nan duk yawun doki ce da danƙon dabino. Har muka shiga gari carbinsa kawai yake ja. Mun isa filin jirgi an rufe karɓar fasinja. Na roƙi matar da ke wurin da ɗan Turancina da ɗan Larabcina, ta ce ba yadda za ta yi. Na kira kafil, ya yi faɗan da zai yi, sannan ya ce sai bayan kwana uku za a samu wani jirgin.

Ban iya mayar da shi gona ba. Na kai shi ɗakinmu a Najma, mu shida ne a ciki, na ba shi katifata. Ya wanke shaddarsa da hannunsa ya shanya a jikin gado.

Washegari da hantsi aka kira shi ta waya, irin kiran da ake ganin juna. Ya sa shaddar ko bushewa ba ta gama yi ba, ya zauna a bakin katifa ya miƙe wuya. Muna jin hayaniyar mutane a ƙofar gidansa, muna jin liman yana addu'a. Da aka faɗi sunan, sai ya sa hannu ya rufe bakinsa. Aka kawo jaririn kusa da wayar, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ina hanya."

Wani abokin ɗakinmu mai aikin gadi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya dube ni ya ce, "Malam mai agogo, yau ƙarfe nawa dawakai suka rubuta maka?"

Dattijon ya ce, "Ƙyale shi, ya gaji." Sannan ya juyo gare ni, ba tare da ɗaga murya ba. "Ɗana, da ka bari na ƙarasa maganata."

Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba har na kai shi jirgi a rana ta uku. Da zagina ya yi, da tuni na manta.

Abin da na koya shi ne, iya tuƙi daban, sanin hanya daban. Na iya mota, amma shi ya shekara huɗu yana kallon abin da ke bin wannan kwalta safe da yamma. Yanzu duk wanda ya fara yi mini magana a mota, babba ne ko ƙarami, ina ɗauke ƙafa daga totur in saurare shi har ya kai ƙarshe, sannan in yanke abin da zan yi.