Madubin Zakiyyu da Tumatirin Kawu

Shekara goma sha ɗaya ke nan bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da na Zakiyyu mai gyaran waya, a bakin kasuwar Ikara. In aka ce in faɗi wanda ya fi kowa iya ɓata mini rai ba tare da ya yi mini laifi ba, shi zan ambata. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya mutu ya ƙyale shi ya huta. Fanka, rediyo, tsohuwar tocila, duk sai ya tara su a lungu wai za su yi rana. Rabin ɓerayen da ke cin yadin mutane a shagona daga wannan lungun suke zuwa.

Kafin ya kama gyaran waya, shekara ashirin ya yi yana hidima a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, yana wanke kwalabe yana goge madubin nan da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ɗalibai ba a barinsu su taɓa, shi kuwa in an tashi sai ya zauna ya yi ta leƙen fiffiken ƙuda da ɓawon albasa. Yanzu ya haura hamsin, idonsa ya rage, hannunsa na dama ya fara rawa. In ka yi maganar sai ya ce shayi ne ya yi masa yawa.

Wata ranar Talata ya sauka daga acaɓa rungume da wani abu mai kama da kejin kaji na ƙarfe. Wai firinta ce, amma ba ta takarda ba. Roba take narkawa ta gina abu da ita, kamar kofi ko marfin kwalba. Wata ƙungiya ce ta ba wata makaranta a wajen Makarfi, ta yi wata uku kan da ke narkar da robar ya ƙone, ta shekara biyu a sito. Tsohon abokin aikinsa, Malam Yunana, shi ya kira shi da ya ga za a zubar da ita.

Na ce, "To, Zakiyyu, bokiti za ka fara ƙera mana ko buta?"

Ya ce, "Kanta ne ya mutu, tela. Ƙafafunta lafiya lau. Tana iya matsawa dama da hagu, sama da ƙasa, gwargwadon silin gashi, ba ta rawa." Sannan ya ce, "Abin da hannuna ya daina yi ke nan."

Ran nan ne kawai na taɓa jin ya amsa da bakinsa.

Dalilin duk wannan wahala kuwa shi ne Kawu Maiwada, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi a Saulawa bayan rasuwar mahaifinsa, ya kuma sa shi a boko. Kawu yana da fadama da ya gada, tumatir yake yi a cikinta kowane rani tun yana saurayi. Sai ga sharon ta shigo ƙasar. Ɗan ƙwaro ne mai tashi, yakan yi ƙwai a bayan ganye, ƙwan da tsohon ido ba ya gani. In ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta kutsa cikin ganyen inda feshi ba ya kai mata, kafin mako ya zagayo gona ta zama kamar an bi ta da wuta. Sau biyu a jere ta cinye wa Kawu tumatir. Ya ce wannan ranin shi ne na ƙarshe. In bai yi ba, zai miƙa fadamar ga masu rake da suka daɗe suna zarya a ƙofar gidansa, ya haƙura da noma.

Zakiyyu ya ce ai maganin abin shi ne a ga ƙwan kafin ya fashe, a san ranar da za a tsinke ganye a yi feshin da zai yi amfani. Madubi yana da shi, guntun wani da ya mutu. Abin da ya rasa shi ne hannun da zai bi ganye ashirin lungu-lungu bai girgiza ba.

Wata huɗu ya yi yana fama, ni ma ina fama da shi. Ya cire ƙonannen kan, ya ɗaure gilashin madubin da kyamarar wata matacciyar waya a wurinsa, ya jona da tsohuwar kwamfuta. Da farko hoton rawa yake yi, ashe bel ɗin da ke jan kan ne ya saki. Ya gyara. Sai wuta. Da ta kai tsakiyar ganye Nefa su ɗauke, in sun dawo da ita na'urar ta manta inda ta tsaya, ta koma farko. Ya nemo batirin sola. Ranar da ya ce an gama, ya kira ni in zo in shaida, ya danna maɓalli, sai muka ga kan yana sauka, yana sauka, har ya daki farantin da ake ɗora ganye, gilashin ya tsage gida biyu. Ashe har yanzu tana zaton ita firinta ce, kuma al'adarta ce ta taɓa ƙasa kafin ta fara aiki. Mako uku ya yi kafin ya samo wani gilashin daga Zariya, ya kuma raba na'urar da wannan ɗabi'a.

A tsawon wannan lokaci wayoyin mutane na jibge a kan teburinsa. Duk wanda ya gaji da "dawo gobe" sai ya leƙo wajena ya sauke mini fushinsa, kamar ni na haifi Zakiyyu.

Sannan ga dokoki. Ɗigon ƙura a kan gilashin yana iya kama da ƙwai, don haka ya hana shiga da takalmi, ya ajiye buta da sabulu a ƙofa, ya hana cin gyaɗa a ciki. Ni har kakkaɓe yadi ya hana ni a bakin shagona. Kowa ya zo sai ya ji karatun: "Datti ne ajalinta." Ranar da Kawu ya zo ganinta, shi ma bai tsira ba. Dattijon ya cire takalmi, ya wanke hannu har gwiwa, ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu a baya yana kallonta da girmamawa.

Gaskiya dai ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Na ga zarena na ɗinki ya koma igiyar rijiya a fuskar kwamfutar. Kan yana tafiya da kansa, taku ɗaya ya tsaya ya ɗauki hoto, taku ɗaya ya tsaya, har ya gama ganye. Zakiyyu ya ce, "Kawu, duk ranar kasuwa ka zo mini da ganye ashirin daga gonar."

Haka aka yi. Kawu yakan zo da su a cikin kwano mai marfi, an shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ganye kore shar, har ni nakan yaba. A yi gaisuwa, a tambayi mutanen gida da gajiya da ruwan fadama, sannan na'ura ta kama aiki. Mako na farko babu komai. Na biyu babu. Har na biyar.

"Gonarka lafiya take, Kawu," in ji Zakiyyu. "Ajiye maganinka tukuna, kar ka ɓata shi a banza."

Maƙwabtan Kawu suna ta feshi ido rufe, shi kuwa ya rataye tankin feshinsa. In sun yi masa magana sai ya ce ɗansa ya duba, da na'ura.

A mako na shida bai zo ba. Da hantsi ya kira waya, ya ce in Zakiyyu yana da sarari ya zo ya gani. Yadda na ga fuskar maƙwabcina, sai na rufe shago na ɗauke shi a babur ɗina.

Tun daga kan hanya muka gane wace ce gonar. Na maƙwabta sun taɓu, amma suna tsaye. Ta Kawu ganyen ya yi fari-fari ya naɗe, 'ya'yan da suka fara nuna duk sun huje suna zubar da ruwa. Kawu yana tsaye a bakin kwami da carbinsa. Zakiyyu ya wuce shi kai tsaye. Ya shiga ya tsinko ganye daga ƙasa da gefe, waɗanda suka rage da ɗan kore, ya cusa a leda da ƙasarsu da komai. Ya ce sai ya ga inda na'urar ta ci amanarsa. Kawu ya ce zai biyo mu.

Da muka koma shago, ganyen farko da Zakiyyu ya ɗora, taku uku kan ya yi sai ga su. Ƙwai ne 'yan dogaye, ruwan madara, ɗaya nan biyu can, maƙale a jikin jijiyar ganyen. Gaba kaɗan ga tsutsa tana motsi a cikin ramin da ta haƙa. Na'urar ba ta da laifin komai.

Sai Kawu ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Zakiyyu, haka ka sa mata su da ƙasa? Ai da ka bari na wanke."

Zakiyyu ya juyo a hankali. "Wanke me, Kawu?"

"Ganyen mana. Ni ruwa uku nake yi musu. In zaɓo masu kyau na sama, in ɗauraye, in goge ciki da baya da ƙyalle, ɗaya bayan ɗaya. Kai ka ce datti ne ajalinta." Ya dube ni, ya dube shi. "Kuma wa zai kawo wa ɗansa cinyayyen ganye a gaban mutanen kasuwa?"

Wallahi ji na yi kamar in ɗora hannu a ka. Garin neman gira an rasa ido. Mako biyar dattijo yana wanke ƙwan sharon da hannunsa, yana kawo mana abin da ya rage. Haushin kowa na ji a lokacin. Na ji haushin Kawu da ladabinsa, na ji haushin kaina da na yi ta yabon koren ganye, na fi jin haushin Zakiyyu, wanda ya yi wata huɗu yana koya wa ƙarfe yadda zai duba ganye, bai ɗauki minti ɗaya ya koya wa mutum yadda zai tsinko shi ba. Saulawa kuwa ba nisa gare ta ba, ko sau ɗaya bai taka gonar ba.

Zakiyyu ya yi masa bayani. Kawu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya matso, karo na farko da ya kusanci na'urar, ya ƙura wa fuskar kwamfutar ido ya daɗe.

Ya ce, "Ashe wannan ne. Shekara uku muna kokawa ban taɓa ganin fuskarsa ba." Ya miƙe. "To, na gani. Allah Ya yi maka albarka. Kashe ta haka nan, kar batirin ya ƙare."

Kafin damina ya miƙa fadamar. Rake ne a cikinta yanzu.

Na'urar tana nan tana aiki. Manoma daga Gubuchi har Kudan suna kawo ganye, Zakiyyu yakan tare su tun daga ƙofa ya shinshina ledar, in ya ji danshin wanki ya mai da mutum gona. Wasu sun tsira da tumatirinsu ta dalilinsa, suna ta sa masa albarka, shi kuwa ko murmushi ba ya yi.

Kawu yana shigowa duk ranar kasuwa, hannu sake. Ya cire takalmi, a gaisa a tsanake, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya ce Allah Ya ƙara basira, ya tafi. Bai taɓa ambaton tumatir ba. Makon jiya bayan fitarsa na leƙa, na tarar da Zakiyyu zaune ya danne hannun damansa da na hagu a kan cinya.

Ya ce, "Tela, da zai zage ni sau ɗaya, da na samu sauƙi."