Kwanon Ruwa a Garejin Kawu

Kawuna bakanike ne, kuma da kunne yake aiki. Mota na shigowa gareji zai ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kai kamar mai sauraren gulma ta bayan katanga, sai ya ce wa mai ita, "Bel ɗinka ya saki," ko kuwa, "Ruwa ya shiga inda bai kamata ba." Da wuya ka ga ya kuskure. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ya taɓa ɗaga gefen mota da hannu ranar da jak ɗin da ya tallafe ta ya zame ta danne ƙafar wani. A hannunsa na tashi, kuma da na koyi ɗinki shi ya kama mini shago daura da ƙofar garejin, wai don ya riƙa ganin masu zuwa wurina. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, ko da faɗa zai yi mini.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko baƙin mai, wato man injin da aka juye daga mota bayan ya gama aikinsa. A wurin Kawu babu abin da baƙin mai ba ya yi. Ƙofa ta yi ƙara, baƙin mai. Gara ta kama katako, baƙin mai. Kaushi ya tsaga dunduniya, baƙin mai. Matarsa ta ce ita ko tari za ta yi sai ta shige ɗaki ta toshe baki, don kada a biyo ta da galan.

Na biyu tsoron kare. Abokan aikinsa, mai walda da mai faci, suna yi masa dariya a bayan idonsa, wai ƙato kamar wannan kare na giftawa sai ka gan shi a kan benci. Ni ba na taya su, domin mahaifiyata ta ba ni labarin. Suna yara kare ya ciji ƙanensu a ƙwauri, ciwon ya warke, kowa ya manta. Can daga baya yaron ya fara firgita, ruwa ya daina wuce masa. Aka kulle shi a ɗaki don kada ya ciji wani, kuma da yake Kawu ne babba, shi ake ba kofin ruwa ya miƙa ta taga. Yaron na ganin ruwan sai ya sandare yana ihu, Kawu kuma na tsaye a bakin tagar yana lallashinsa, "Sha mana, ruwa ne kawai." Bai sha ba har rai ya yi halinsa. Kawu bai taɓa tayar da wannan magana a gabana ba.

To, a garejin wannan mutumin wani ɗan kwikwiyo ya ga ya dace ya tare. Ba wanda ya san daga inda ya fito. Mun dai wayi gari muka gan shi ƙarƙashin wata matacciyar mota, duka-duka bai fi takalmin Kawu girma ba, gashin bayansa da na wuyansa ya zube, fatar ta yi ja ta yi ɓawo. Aikinsa ɗaya susa. Ya sosa da ƙafa, ya ciji gefensa, in abin ya ishe shi ya goga jikinsa da wani tsohon kwanon rufi da ke jingine, kwanon ya riƙa ƙara, ƙwar, ƙwar, tun safe har yamma.

Ƙarar nan ce ta ci Kawu. Mutumin da ba ya iya jin ƙofar maƙwabci na kuka bai je ya ɗiga mata mai ba, ina zai iya wuni da wannan? Sai ka ga ya ɗaga hannu zai saurari inji, kwanon ya amsa masa, ya yi tsaki ya ajiye sifana. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya ce wa mai faci, "Kama mini shi. Ƙazuwa ce, yanzu zan yi maganinta."

Ina leƙe daga shago. Mai faci ya danne kwikwiyon, Kawu ya naɗa tsumma a bakin sanda ya tsoma a galan, ya tsaya nesa yana shafawa. Da ya ga bayan kunne bai samu ba, shi kuma ba ya barin aiki rabi, sai ya yar da sandan ya kai hannu. Man ya shiga inda fatar ta tsage, kwikwiyon ya yi ƙara, ya juyo ya kafa masa haƙori a babban yatsa. Ɗan ciwo ne, ɗigon jini ɗaya. Na janyo shi bakin famfo na wanke yatsan da sabulu ina ta mita, shi kuwa ido kawai ya zuba wa jinin.

Washegari da safe na tarar da su Kawu tsaye cirko-cirko. Kwikwiyon ya fito daga ƙarƙashin motar yana tangaɗi, jikinsa na rawa, miyau na dalala daga bakinsa har ƙasa. Ya yi taku kaɗan ya faɗi. Na san abin da kowa ke tunani. Kawu ya zauna daɓas a ƙasa cikin mai da ƙura, ya riƙe yatsansa da ɗaya hannun.

Mai walda ya ɗauko wani ƙarfe. "Maigida, haukan kare ne wannan. Bari in gama da shi kafin ya ciji wani."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na sunkuci wani babban kwando na kifa a kan kwikwiyon, na zauna a kai. Na ce, "Wallahi ba mai taɓa shi sai likita ta gani. Ku da kun iya magani ai da ba mu zo nan ba." Likitar dabbobin da ke ƙarshen layinmu ni nake mata ɗinki, don haka na buga mata waya, na faɗa mata har da cizon da ya yi wa Kawu.

Ta zo da jakarta, ta sa safar hannu mai kauri, ta ɗaga kwandon a hankali. Warin ne ya fara dukanta. Ta ce, "Wa ya yi masa wannan wankan?" Kowa ya dubi ƙasa. Ta juya ga Kawu. "Baba, man nan guba ne. Ya wuni yana lasar jikinsa saboda ƙaiƙayi, duk ya haɗiye. Shi kaɗai ya isa ya sa shi miyau da tangaɗi."

"To ba hauka ba ne ke nan, Likita?" Muryar Kawu ba ta yi kama da tasa ba.

"Ban ce ba. Ba mu san inda ya fito ba, ba zan yi maka rantsuwa a kansa ba. Yau ɗin nan ka je asibiti a fara maka allura, kada ka kwana. Shi kuma a killace shi mu sa masa ido. Mahaukacin kare ba ya daɗewa. In ya wuce kwanakin da zan ɗiba masa yana ci yana sha, ka fita. In kuka kashe shi, ko man ya kashe shi, sai dai mu zauna jiran gwaji da zullumi."

Ta wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ta zubar da baƙin ruwa ta sake, har fatar ta fito. Ta ce wasu ƙwari ne ƙanana da ido ba ya gani suke haƙa cikin fatar, maganinsu yana nan, amma sai ya farfaɗo tukuna. Mai walda, wanda ɗazu yake riƙe da ƙarfe, shi ya haɗa masa keji kafin rana ta take.

Kawu ya je an yi masa allura, amma allura ba ta shiga inda tsoronsa yake ba. Abu ɗaya ya riƙe daga bakin likita, cewa ransa na rataye da ran wannan ɗan abin. Ya daina karɓar aiki. Yakan ajiye kujera nesa da kejin ya zauna yana kallo. Kwikwiyon kuwa yana kwance ido rabi a rufe, ga kwanon ruwa a gabansa ba ya ko shinshinawa, sai likita ta zo ta ɗura masa da sirinji. In ya daɗe bai motsa ba Kawu ya ce, "Uwata, je ki duba ko yana numfashi." Ni ma ƙafata ba ta son zuwa, amma ina zuwa.

Sai na lura da wani abu da ya fi tayar mini da hankali. Kawu ya ajiye kofi kusa da shi. Lokaci-lokaci sai ya cika shi, ya ƙura wa ruwan ido, ya kurɓa, ya tsaya yana sauraren maƙogwaronsa kamar yadda yake sauraren inji. Gwada kansa yake yi. Ya rame, idanunsa suka faɗa, matarsa ta ce a gida ma abinci sai dai ya juya cokali ya ture.

Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki na ga ya ɗaga kofin ya kai baki, ruwan ya dawo ya zubo masa a riga. Ya sake gwadawa, ya ƙware. Ya miƙe ya nufi ɗan ɗakin da suke ajiye kayan aiki, mai ƙofar ƙarfe da taga ɗaya. Na bi shi a guje.

"Kawu, lafiya?"

"Ba ya wucewa, Uwata." Zufa ta jiƙa masa fuska. Ya miƙo mini kwaɗon ƙofar. "Kulle ni ta waje. Ki ce wa matata kada ta kawo yaran."

"Haba Kawu, tsoro ne ya shaƙe ka. An fa yi maka allura."

"Ki yi abin da na ce." Ya shiga ya ja ƙofar, sannan ya leƙo ta tagar. "Kuma ko wa ya aike ki ki kawo mini ruwa, kada ki yarda. Su nemi wani. Ke kada ki tsaya a tagar nan."

Nan ne kuka ya ƙwace mini. Na tsaya da kwaɗo a hannu, na kasa sawa, na kasa yarwa. Tsoro nake ji ƙwarai, domin idan gaskiya ce fa? Idan mutumin da ya goya ni ne zan ji yana ihu a bayan ƙofar nan? Mai faci ya tafi kiran likita, mai walda ya kashe injinsa ya tsaya yana salati a hankali. Garejin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a wurin ba.

Sai na ga hannun Kawu ya fito ta tagar, a ɗage, yadda yake yi in mota ta shigo.

"Ku yi shiru," in ji shi, alhali ba mai magana. "Kun ji?"

Ni ban ji komai ba. Sai da na riƙe numfashi sannan na tsinkayo ta, wata 'yar ƙara daga wajen kejin, lak, lak, lak. Na waiwaya. Kwikwiyon ya miƙe a kan ƙafafunsa masu rawa, ya tsoma baki a kwano yana sha, har ruwan na fallatsa masa a hanci.

Kawu ya turo ƙofar ya fito. Bai matsa kusa ba, daga nan bakin ƙofa ya tsaya da kai a karkace har kwikwiyon ya ƙoshi. Sannan ya ce in ba shi kofin. Ya shanye tas, ya miƙo na ƙara masa. Ya zauna a kan wata taya ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na jijjiga, mu kuma kowa ya nemi abin da zai kalla.

Kwanakin da likita ta ɗiba suka cika, Kawu ya ƙarasa allurarsa, aka fara yi wa kwikwiyon maganin fatarsa. Susar ta ragu, ɓawon ya zube, gashi ya tsiro ruwan ƙasa, sai wani ɗan fili a bayan kunne da ya ƙi rufewa har yau. Galan ɗin baƙin mai ya koma can saman kanta. Ƙofofi da katako suna samun rabonsu, amma dunduniyar matarsa ta huta.

Kada wani ya ce Kawu ya daina tsoron kare. Karen ya girma, shi ke gadin garejin, kuma in ya taho yana kaɗa wutsiya har gobe Kawu benci yake hawa, mai faci na dariya. Kawu bai sake taɓa karen ba, bai kuma sa masa suna ba. Amma kwanon ruwan nan ba mai cika shi sai shi. Kullum da safe kafin ya ɗauki sifana zai wanke shi ya cika, ya ja da baya, ya juya masa ƙeya yana saurare, kuma ba ya fara aiki sai ya ji ƙarar.

Rannan na zo buɗe shago da wuri, karen ya tsaya yana shinshina kwanon bai sa baki ba. Kawu bai san ina bayansa ba. Na ji ya sassauta murya, irin wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa magana da ita ba, yana cewa, "Sha mana, ruwa ne kawai."

Karen ya sha.