Cibiyar da ta kai ni New Bell

Mun tashi da asuba daga Yawunde, ni da ƙanwata, ko karyawa ba mu yi ba. A jakata akwai kanwa da yaji da daddawa, da ɗan kaskon da nake gasa cibiyar jarirai da shi shekara da shekaru. 'Yar ƙanena ce ta haihu a Duwala, namiji, an yi suna an cinye rago, ga kwana ashirin da shida cibiya ta ƙi faɗuwa. Da ta bugo mini waya dariya na yi. Na ce 'yan boko ke nan, an iya aikin ofis, ba a iya jego ba.

Hanyar cike take da manyan motocin katako, direbanmu kuwa sai wuce su yake kamar an biyo shi. A Bumnyebel masu talla suka rufe tagogi da gasasshiyar ayaba, na sayi ta ɗari biyar, ƙanwata ta cinye fiye da rabi tana cewa ba ta da daɗi. Muna haye gadar Sanaga a Edeya zafi ya fara, irin wanda ke jiƙa mutum yana zaune.

Daga tasha bensikin muka hau, wato ɗan acaɓansu, ya yi ta kurɗawa da mu lunguna har unguwar New Bell. Ƙamshin tsire, warin kwata, kiran sallar azahar, duk a haɗe. Hausarsu ma sai ka saurara da kyau, rabinta Faransanci ne.

Ko mayafi ban cire ba na buɗe yaron. Gindin cibiyar ya yi ja, ya kumbura, amma a bushe yake. Na ce alhamdu lillahi, tunda babu mugunya ai ciwo ne mai tsabta, a ɗora mini kasko a wuta. Mai jego ta riƙe hannuna.

“Goggo, don Allah ki dakata. Da la'asar muna da randebu da dokta, sakamakon jininsa ya fito.”

Raina ya ɓaci, wallahi. Ni da na gasa mata tata cibiyar! Na bi su asibitin ne kawai don in ji abin da za a faɗa mini wanda ban sani ba.

Likitar Bafulatana ce daga arewa, tana jin Hausa. Na riga ta magana, na ce ta duba da kyau, ko ɗigon mugunya babu. Ta ce, “Hajiya, abin da ya tsorata ni ke nan.”

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta a ɓargo ake haifarsu, kuma suna girma ne da wasu 'yan ƙugiyoyi a bayansu, kamar ƙarangiya. Da su suke maƙale bangon jijiya, su tsaya, su kutsa waje zuwa inda ciwo yake. Su ke cinye gindin cibiya har ta faɗi, mugunya kuma gawarsu ce bayan sun yi faɗa. Na yaronmu suna nan jingim a jini, har sun wuce kima, amma tana zargin ba su da ƙugiyoyin, jini yana kwashe su su wuce ta bakin ciwon. Ta ce ko ɗan ƙuna ya samu, da wuya ya warke.

Na tuna kaskon da na sa a ɗora. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Aka ba shi gado, ana yi masa allurai. Aka aika jininsa waje don a tabbatar, aka ce in hakan ne, maganin na dindindin sai dashen ɓargo. Mako biyu ina zirga-zirga tsakanin New Bell da asibiti, in biya babbar kasuwa in sayi kifi in yi wa mai jego farfesu. Jan ya ragu, yaro ya koma tsotso. Ranar kwana arba'in da ɗaya cibiyar ta faɗi da kanta. Uwar ta ƙulle ta a ƙyalle ta miƙo mini, ta ce in binne a gidan kakanninsa.

Mun iso Yawunde da yamma, kafin in sha ruwa na binne ta a bayan ɗaki ina yi masa addu'a, don har yanzu sakamakon jinin da aka aika waje bai dawo ba. Abin da na koyo shi ne, duk cibiyar da ta haura mako uku, asibiti za a nufa da ita. Jiya maƙwabciyata ta aiko aron kasko. Na yafa mayafi na tafi da kaina, hannu sake, na tambaye ta kwanan jaririn nawa.