Sifikun Fikof Ɗin Yaya

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗi suka fara yawo a Abuja, babban yayanmu ya sayi fikof sabuwa dal. Ma'aikacin gwamnati ne, amma yana da gona a Karshi, don haka ba mu yi mamaki ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ranar wata Asabar da ya ce in raka shi Apo, wurin makanikai, a cire sifikun motar a sa wasu.

"Haba Yaya!" na ce. "Motar da in ka kunna kiɗa har ƙirji yake dukan mutum? Ko samartaka ce ta dawo da furfura?"

Bai ko kalle ni ba. Haka yake, in ya ƙudurta abu sai ka gaji da surutu ka bi shi.

A Apo muka sami wani ɗan Filato mai haɗa kayan sauti. Ya ɓalle marfin ƙofa, ya leƙa, ya ce, "Oga, wannan ai mai tsada ne kamfani ta sa, har da amfilifaya. Ganga kake so ya ƙaru?"

"A'a," in ji Yaya. "Gangar ce ba na so. Murya nake nema."

Sai ya zaro kaset daga aljihu. Ina ganin sa na gane na Innarmu ne. Innarmu ba ta iya rubutu ba, saboda haka lokacin da Yaya yake aiki a Legas, rikoda take sawa a gaba ta yi masa magana, a ba direba kaset ɗin ya kai. Wannan kaɗai ya rage bayan rasuwarta. Baba kuwa yana zaune gidan Yaya, kunnensa yana ta mutuwa. Likita a Gwagwalada ya ce na hagu ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Na'urar ji ya jefar, wai fito take masa a ka. Duk abin da ake cusawa a kunne ba ya yarda. In an ƙure rikodar gida sai ta riƙa karkarwa, ya ce shi dai gunaguni yake ji. Tun daga nan ya daina tambayar kaset ɗin, ya kuma rage magana.

Wallahi ban taɓa ganin haƙuri irin na Yaya ran nan ba. Ya toshe kunnensa na hagu da auduga tam, ya sa 'yar kaɗan a na dama, ya zauna kujerar mai zaman banza inda Baba yake zama, har da ranƙwafawa irin tasa. Maƙwabta masu gwada sifika da kiɗa suka zo suna leƙe, suna dariyar oga mai auduga. Ni kunya kamar in nutse. Shi ko a jikinsa.

Aka sa na farko, ya ce muryar tana fitowa daga ƙafa, kamar tana cikin rijiya. Aka sa wasu, amfilifayar motar ta ƙi su, sauti ya shaƙe. Aka sake. Rana ta take, na yi mita har na gaji, na tafi na ci masara na dawo. A ƙarshe suka rage gangar, suka dasa ƙaramar sifika a jikin ƙarfen gilashi, daidai tsayin kunnen dama. Yaya ya saurara, ya cire audugar, ya ce a bar ta haka.

Washegari ya ce wa Baba ya zo a je ganin dawa a Karshi. Ina baya. Da muka bar hayaniyar gari, Yaya ya gangara gefen hanya, ya kashe inji, ya ɗaga gilasai, ya tura kaset.

Sallamarta ta fito tar, kamar tana zaune kusa da mu. Tana yi wa Yaya faɗan rashin cin abinci, tana ba shi labarin akuyar da ta haihu. Baba ya miƙe zaune, ya kara kunnensa.

Can tsakiya akwai wurin da ta juya ta kira Baba ya zo ya sa wa ɗansa albarka. A kaset ɗin shiru ne ya biyo baya, don ran nan ya fita masallaci ba ta sani ba. Ta sake kira da ɗan faɗa: "Malam! Wai kana ji na kuwa?"

Baba ya gyara hularsa.

"Ina jin ki," ya ce. "Ga ni nan."

Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba. Yaya ya bari kaset ya ƙare, ya mayar da shi farko, bai tayar da motar ba.