Ranar da Baba Hedimasta ya sake karatu a Doha

Mun tashi da asuba daga Zariya, sallame salla ke da wuya muka ɗau hanyar Kano inda za mu hau jirgi. Mu biyu ne: ni da nake karanta jaridu da littattafai a rediyo saboda makafi da waɗanda ciwo ya hana su riƙe takarda, sai abokin aikina mai haɗa sautin shirin, wanda shi kansa makaho ne tun yana ɗan shekara bakwai. Aikin titi ya mai da hanyar hannu ɗaya a wurare da yawa, direbanmu kuwa ya ɗauki kowace tirela abokiyar gabarsa. A Kwanar Dangora muka karya da ƙosai da kunu, muka kuma roƙe shi ya kai mu da ranmu.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. A lokacin kullen korona muka fara shirin nan, sa'ad da makafi suka rasa masu zuwa su karanta musu. Awa ɗaya ce duk Asabar. To, bana manajan tasharmu ya ce za a ba 'yan ƙwallo filinmu har a gama gasar cin kofin duniya da ake yi a Qatar, bayan nan kuma “sai mu gani”. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san “sai mu gani” sallama ce. Ana cikin haka wata mai sauraronmu da ke karatun digiri na uku a Doha ta gayyace mu, ta ce mahaifinta yana son ya gaisa da mu. Muka roƙi manaja Asabar ɗaya tal, kai tsaye daga Qatar. Ya ce idan shirin ya yi armashi filin namu ne, idan bai yi ba kada mu sake tayar masa da maganar.

Da safe muka sauka a filin jirgin Hamad. Girmansa ya ruɗa ni, na tsaya ina ta karanta alluna ina juyawa. Abokina ya ja hannuna ya ce, “Malam, bi ƙarar tayoyin akwatuna, can mutane suke yi.” Haka makaho ya yi wa mai ido jagora har wurin ɗaukar kaya. Wani mai shara ya ji Hausarmu ya saki tsintsiya ya taho da fara'a. Ɗan Zangon Ghana ne. Ya ce, “'Yan Najeriya! Kun zo taya mu kallo? Ai mu muka hana ku zuwa.” Na haɗiye maganar, don gaskiya ya faɗa: Ghana ce ta fitar da mu a wasan neman gurbin gasar.

Jirgin ƙasansu ba shi da direba. Da na gaya wa abokina, sai ya ce, “Ashe akwai aikin tuƙin da zan iya nema.”

Otal-otal duk sun cika, saboda haka a Najma aka sama mana ɗaki. Unguwa ce ta ma'aikata, cunkushe da gidajen abinci da shagunan canjin kuɗi, mutum shida ko takwas a ɗaki guda, wanki a rataye a kowace taga. Shayinsu mai madara da yaji, karak, riyal ɗaya ne kofi. Kada ka yi gangancin juya kuɗin abincin Doha zuwa naira kana cikin ci, loma za ta tsaya maka a wuya. A wani ɗan shago na 'yan Ghana muka ci shinkafa da wake da baƙin yajinsu, na yi ta hawaye suna dariya.

Washegari muka nufi Aziziya, unguwa mai manyan gidaje da shiru, gidan da mai gayyatarmu take zaune da mijinta da mahaifinta. A mota ta ba mu labarinsa. Shekara talatin yana hedimasta a wata firamare a Funtuwa, bai taɓa karya kumallo ba tare da jarida a hannu ba. Ta kawo shi Doha neman maganin ido gab da korona. Aka rufe iyakoki, idon kuma ya tafi gaba ɗaya. Wata shida ya yi ba ya fita, ba ya hira, sai salla da kwanciya. Ran nan ta kunna masa shirinmu a waya. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce, “Wannan mai karatun ba ya tsayawa a waƙafi.” Ta ce ranar ta shiga kicin ta yi kuka don murna, domin hedimasta ya dawo.

Muna shiga falo na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba ya kama hannuna ya ce, “Kai ne mai haɗiye aya?” Na ce, “Ni ne, Baba, amma na gyara.” Ya ce, “Ka rage dai.”

Tsakaninsa da abokina kuwa ba baƙunta. Kusan shekara biyu yana koya wa Baba rubutun makafi ta saƙon murya, ɗigo bayan ɗigo, ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Baba ya huda wata wasiƙa da hannunsa zuwa ga tsofaffin ɗalibansa, kuma ita muka shirya zai karanta a shirin Asabar.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka yi gwaji, abin ya ƙi. Layi biyu Baba ya karanta ya kakare. Ya koma farko, ya sake kakarewa. A karo na huɗu ya ture takardar ya ce, “Khalas, shi ke nan. Ba zan kunyata kaina a gaban yaran da na koya wa a-ba-ca-da ba. Kai ka karanta musu.” Ga shi na riga na sa an yi ta sanarwa a gida cewa dattijon da ya makance da tsufa zai yi karatu da kansa. Abokina ya miƙa hannu ya riƙe yatsun Baba, ya daɗe yana murza su. Can ya ce, “Baba, ba kanka ba ne. Yatsunka sun yi ƙanƙara. Na'urar sanyin gidan nan ce, yatsa mai sanyi ba ya jin ɗigo.” Baba ya juya ya ce wa 'yarsa, “Kin ji ko? Tun yaushe nake cewa a kashe abin nan.”

Asabar da sha biyun rana agogon Doha, goma na safe a gida, muka kashe na'urar, muka rufe tagogi, muka jingina katifu a bango don kada murya ta yi amo. Abokina ya sa Baba ya rungume kofin karak mai zafi da hannu biyu har lokacin ya yi. Na karanta kanun jaridu ina zufa, na gabatar da shi, na tura masa makirfo.

Ya fara a hankali. “Daga Hedimasta zuwa ga ɗalibaina, duk inda kuke. Na koya muku karatu da alli, yanzu ni ma an mai da ni aji ɗaya.” Ya wuce layi na biyu, ya wuce na biyar. A tsakiyar shafi yatsansa ya ɓace masa, ɗakin ya yi tsit. Shiru a rediyo tsawo gare shi. Na matsa zan karɓa, abokina ya danne min gwiwa. Baba ya koma farkon layin, ya lalubo wurin, ya ce cikin makirfo, “Ku yi haƙuri, ɗalibin sabo ne,” ya ci gaba har aya ta ƙarshe.

Layukan waya suka cushe. Wata mata daga Funtuwa ta ce Baba ne ya je har gida ya roƙi mahaifinta a bar ta ta gama aji shida, yanzu ita ce ke shugabantar wata makaranta. Kuka ya hana ta ƙarasawa. Baba ya tambayi sunanta, ya faɗa mata layin da take zama a aji. Wani tsohon soja daga Gusau ya ce shekara huɗu ke nan da ya rasa idonsa, a ina zai fara? Ba a rufe shirin ba saƙon manaja ya shigo wayata: “Asabar taku ce. Ku dawo lafiya.”

Ranar Litinin Baba ya ce a kai shi Najma, wurin da bai taɓa takawa ba. Muka zauna a shagon nan na 'yan Ghana ana kallon wasansu, ni ina tsakiya ina faɗa wa mutanena biyu inda ƙwallo take. Da Ghana ta ci wasan shagon ya kaure, aka ɗaga sandar Baba sama ana ihun “yalla yalla” irin na Larabawa, shi kuwa yana dariya yana cewa a dawo masa da kayarsa.

Mun dawo Zariya lafiya. Asabar ta farko da na je tasha na tarar da dattawa uku a bakin ƙofa da sandunansu, ɗaya tun daga Giwa ya taso. Na ɗauka karatu suka zo a yi musu, har na fara zaro jarida. Babbansu ya ce, “A'a, Malam. Ina wanda ya koya wa Hedimasta? Shi muka zo gani.”

Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan. Da ina ganin aikina shi ne in ara wa mutane idona har abada. Ashe da yawansu so suke in riƙe musu shafin kawai, kafin su karɓa da hannunsu. Na shiga ciki na kira abokina, na kuma ɗauko musu benci.